Baƙi, ja ko ruwan madara: Yadda launin kwanon rufi ke shafar zafin gida da aljihun mai shi

Shekara shida yayana ya shafe yana gina gidansa a bayan garin Kano. Malamin makaranta ne, saboda haka ginin a hankali ya tashi: wannan watan bulo 200, wancan watan buhun siminti biyar, akwai ma shekarar da ko tsinke ba a ɗora ba. A watan Afrilun bara kafinta ya gama ɗaura katako, ya rage saura kwano, ana ta sauri kada ruwan farko ya riski ginin a buɗe.

A nan ne muhawara ta kaure a gidanmu. Kuɗin kwanon dai ya haɗu, adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata ne suka cika shi. Abin da aka kasa daidaitawa a kai shi ne launi.

Yaya baƙi yake so, irin mai yayyafin tsakuwa da ake yayi a sababbin unguwanni. Matarsa ta fi son ja mai duhu, don a ganinta shi zai dace da fentin da take so a yi wa bango. Mahaifiyarmu, wadda aka ware wa ɗaki guda a gidan, ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Ni dai ku rufa mini wanda zan iya barci a ƙarƙashinsa."

Dariya muka yi a lokacin. Daga baya na gane cewa Hajiya ce kaɗai ta taɓo abin da yawancin masu gini ba sa tunawa da shi sai bayan an buga ƙusa ta ƙarshe. Fentin bango idan bai yi maka ba, baɗi sai ka sake. Shi kuwa rufi, abin da ka zaɓa da shi za ka zauna shekara 20 ko fiye.

Abin da ke kasuwa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja neman kwano, kusan kashi uku zai tarar.

Akwai farin kwano da muka taso muka gani, wanda ake sayarwa bandir-bandir. Shi ne mafi araha, kuma shi ne ke saurin yin tsatsa.

Akwai dogon kwano mai fenti, na alminiyom ko na ƙarfen da aka lulluɓe, wanda ake yanka wa mutum daidai tsawon rufinsa. Na alminiyom ana sayar da shi ne gwargwadon kauri, kamar milimita 0.45 da 0.55 da 0.7. Launukansa sun haɗa da shuɗi, kore, ja, ruwan ƙasa, ruwan toka da ruwan madara.

Sai na uku, kwanon ƙarfe da aka manna wa 'yan ƙananan tsakuwoyi a fuska. Jama'a Gerard suke kiran kowane irinsa, alhali wannan sunan kamfani ɗaya ne da ya samo asali daga ƙasar New Zealand, inda aka fara ƙera irin wannan kwano a shekarun 1950. Yana zuwa da zubi daban-daban, kuma wanda ake ce wa shingil kwaikwayo ne na rufin da ya fi yawa a gidajen Amurka, wanda su suke yi da kwalta da tsakuwa.

Da zubin aka kwaso mana har da launin. Hotunan gidajen da ake yaɗawa a Facebook da Instagram, waɗanda mai gini ke nuna wa kafinta ya ce "irin wannan nake so", da yawansu na garuruwan da dusar ƙanƙara ke sauka ne. Can baƙin rufi bai zama matsala sosai ba, tunda watanni da dama na shekara ɗumi suke nema. Mu nan Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas.

Me launi ke yi wa zafi?

Kowa ya san bambancin sa farar riga da baƙa a tsakar rana. Haka abin yake ga kwano, sai dai shi ya fi tsanani, domin wuni yake yi yana fuskantar sama babu inuwa.

A ranar da gari ya yi tangaran, da tsakar rana, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufi tana karɓar ƙarfin rana da ya kai kusan wat 1,000. Wannan daidai yake da abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 200, tamkar an jera masa dutsen guga 200 ne a ka. Kuma a Kano, wajen ƙarshen Afrilu rana ta tsakar ka take bi, don haka rufi ne ke ɗaukar mafi yawan dukan, ba bango ba.

Launi shi ke raba wannan ƙarfi gida biyu: wanda kwano zai mayar sama da wanda zai shanye. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce farin rufi na mayar da kashi 60 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana. Baƙi kuwa kusan duka yake shanyewa. Ma'aikatar ta ce rufi na yau da kullum kan kai zafin digiri 65 ko fiye da rana, yayin da mai mayar da haske kan iya yin ƙasa da haka da kusan digiri 28 a yanayi ɗaya.

Ba duk wannan zafi ne ke shiga ɗaki ba. Iska na kwashe wani, silin na tare wani. Ragowar shi ke taruwa tsakanin kwano da silin, ya gasa katako da kan bango, sannan ya riƙa saukowa a hankali. Shi kwanon da rana ta faɗi yake hucewa, amma bulo da siminti riƙe zafi suke yi. Wannan ne ya sa za ka ga waje ya yi sanyi bayan sallar isha'i, amma cikin ɗaki kamar an rufe murhu.

Ni kaina shaida ne. A bazarar 2024, wadda azumi ya faɗo a cikinta, muna haya ne a wani gida mai koren kwano mai duhu da siririn silin na roba, babu ko ƙofar iska ɗaya a sama. A wannan Afrilun ne aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan Hukumar NiMet ta yi ta gargaɗi kan tsananin zafi. 'Yata tana da wata bakwai a lokacin. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya, ba ta barci, mu ma ba ma yi. Da hannu nakan taɓa silin da yamma in ji shi da ɗumi kamar murfin tukunya. Ƙarshe dai tsakar gida muka koma kwana da gidan sauro, har ruwa ya sauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, idan na kai ziyara cikin gari gidan kakanninmu, ɗakin soro na ƙasa da azara da muke rainawa muna yara ya fi nawa daɗin zama da rana nesa ba kusa ba. Kaurin ƙasar da ke sama kan jinkirta zafi ya hana shi ratsowa da wuri. Da muka koma kwano mun huta da yaɓe duk shekara, amma mun rasa wannan garkuwar, kuma ba kowa ne ya nemi abin da zai maye gurbinta ba.

Inda abin ke taɓa aljihu

A da, mai hali zai iya cewa na'urar sanyaya ɗaki za ta yi maganin komai. Yanzu lissafin ya canza. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai an yi shawara. A Afrilun 2024 kuma Hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta.

Ɗakin da ke ƙarƙashin rufi mai zafi, na'urar sanyaya ɗaki ta fi daɗewa tana aiki a cikinsa kafin ta huta, mita kuma na ta gudu. Mai sola zai buƙaci ƙarin faranti da batir. Wanda fanka kawai gare shi, iska mai zafi za ta yi ta kaɗa masa. Wanda ba shi da ko ɗaya, wato mafi yawan jama'a, da jikinsa zai biya, musamman tsofaffi da jarirai da masu ciki da masu hawan jini, waɗanda zafi ya fi yi wa illa.

Ga shi kuma a mafi yawan lokuta farashin kwano iri ɗaya bai cika bambanta ba saboda launi. Wato ragin zafin da launi mai haske ke kawowa kusan kyauta ne, in dai tun farko aka zaɓe shi.

Yadda wasu suka yi

Birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya yana da zafi irin namu. A watan Mayun 2010 tsananin zafi ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 1,300 a can. Wannan ya sa a 2013 hukumomin birnin suka fito da tsarin tunkarar zafi, kuma daga 2017 aka shiga shafa wa rufin dubban gidajen masu ƙaramin ƙarfi farin fenti. Ƙungiyar NRDC, wadda ta yi aikin tare da su, ta ce irin wannan rufi kan rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A ido adadin kaɗan ne, amma wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ya kai digiri 38 ya san darajar digiri uku.

A 2023 jihar Telangana, ita ma a Indiya, ta mayar da abin manufar gwamnati. Birnin New York ma tun 2009 yake da shirin shafa wa rufin gine-gine farin fenti.

A nan gida, mai gini ne da kafintansa ke yanke hukunci, sai fa a wasu rukunin gidaje, musamman a Abuja, inda masu wurin kan tilasta launi ɗaya ga kowa. Wanda ya sayi fili a irin wannan wuri ya tambaya kafin ya biya kuɗin kwano.

Ba ko'ina ne kuma hukuncin yake ɗaya ba. Mai gini a Jos ko a tsaunin Mambila, inda ake neman bargo da dare, launi mai duhu ba zai takura masa kamar na Gusau ko Damaturu ba.

Ƙura da koɗewa

Masu son baƙi suna da hujjarsu: wai fari saurin datti gare shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba dukanta ba. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Sahara launinta mai haske ne, tsakanin fari da ruwan ƙasa. A kan baƙin kwano ko shuɗi mai duhu ta fi fitowa fili. Duk wanda ke da baƙar mota a Kano a watan Janairu ya san wannan. Daga Nuwamba har zuwa saukar ruwa, baƙin rufi ruwan toka yake komawa, musamman mai tsakuwa wanda ƙura ke samun wurin maƙalewa a jikinsa.

Fari fat shi ma yana da nasa. Ƙura na dusashe shi, ta rage masa ƙarfin mayar da haske har sai damina ta wanke shi. Yana kuma iya kashe wa maƙwabci ido idan bene gare shi yana kallon rufinka. Shi ya sa launukan tsakiya, irin su ruwan madara, ruwan toka mai haske da ruwan ƙasa mai haske, suka fi dacewa da mu. Ƙura ba ta tona musu asiri, kuma zafinsu bai kai na masu duhu ba.

Sai maganar koɗewa. Rana na cin fenti, kuma launuka masu kauri da ƙyalli, irin ja da shuɗi, su suka fi nuna alama. Zagaya kowace unguwa da aka gina shekara goma da suka wuce ka ga yadda jan kwano ya koma wani fari-fari, gefen da ya fi shan rana ya bambanta da ɗayan. Launi mai haske ko ya koɗe ba a cika lura ba. Ingancin fentin ma na da tasiri: wanda ake kira PVDF ya fi na yau da kullum jure rana, ko da yake ya fi tsada. Shi kuma mai tsakuwa, idan jabu ne, tsakuwar ce ke zubewa ta bar tabo-tabo. Goga shi da hannu tun a shago, in ka ga tana biyo tafinka da yawa, ka nemi wani.

Wani zai ce to ai farin kwano na bandir shi ne mafita, tunda yana ƙyalli. Sabonsa yana mayar da haske, amma ƙarfen da ba a yi wa fenti ba ba ya saurin sakin zafin da ya riga ya ɗauka, don haka ya fi mai farin fenti zafi. Da zarar ya dusashe ya fara tsatsa kuwa, ya koma sahun masu duhu.

Dacewa da bango

Kyan gani ma haƙƙi ne, mutum bai tara kuɗi shekara da shekaru don ya gina abin da zai riƙa kawar da kai in ya gan shi ba. Abin lura shi ne a fara zaɓar rufi, sannan a nemo fentin da zai bi shi, tunda fenti ne ake iya sakewa. Idan akwai abin da ba zai canza ba, kamar dutse ko tayil da aka manna a gaban gida, a ɗauki guntunsa a je kasuwa da shi.

Kada a zaɓi launi daga hoton waya, ko a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki. A karɓi guntun kwanon a kai shi wurin ginin, a dube shi da safe, da tsakar rana da kuma yamma, kuma daga nesa, daga inda mai wucewa zai hango shi. Launi a fili ƙarƙashin rana ya fi yadda yake a hannu haske.

A kuma sayi kwanon gaba ɗaya lokaci guda, har da 'yar rara. Wanda aka ƙaro bayan wata uku, ko da sunan launin ɗaya ne, yakan ɗan bambanta, kuma a sama bambancin ba ya ɓuya.

Akwai wani abu da ke ba ni mamaki. Gidaje da yawa yanzu ana ɗaga musu bango ya zagaye rufin ya ɓoye shi, don ado da kuma kariya daga iskar farkon damina da ke yaye kwano. Amma sai ka hau sama ka tarar an sa shuɗi mai duhu ko ruwan makuba a wurin da ba mai ganinsa sai tsuntsaye. Mai irin wannan gini ba shi da dalilin ƙin sa mafi hasken launin da ya samu.

Launi kaɗai ba ya isa

Ko an sa farin kwano, idan ba a bar wa zafi hanyar fita ba, ɗaki zai yi ɗumi. A bar tazara mai kyau tsakanin kwano da silin. A yi ƙofofin iska a ƙarƙashin baki da kuma can sama kusa da ƙololuwa, a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye, domin iska mai zafi sama take yi ta nemi mafita. A shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano tun kafin a buga shi, a bar 'yar tazarar iska a gefen da ke ƙyallin, don in an matse ta ba ta aiki. Wanda ke da hali ya ƙara da abin tare zafi a kan silin.

Wanda ya dage sai launi mai duhu, waɗannan matakan sun zame masa dole. Ya kuma tambaya ko akwai irin fentin da aka haɗa don mayar da zafi, domin kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne ta hasken da ido ba ya gani, kuma akwai fenti masu duhu da aka yi su don su mayar da wannan ɓangaren. Sai dai kada a yarda da faɗar baki, a nemi takardar kamfani.

Wanda ya riga ya rufa kuma, ba sai ya kware ba. Ana iya wanke kwanon, a kankare tsatsa, a shafa masa farin fentin da aka yi don ƙarfe. Farar ƙasa irin ta bango ba ta daɗewa a jikin kwano, ta fi dacewa da rufin kankare. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida tukuna. Farantan sola ma suna yi wa wurin da suka rufe inuwa, haka bishiyar darbejiya a yammacin gida tana tare ranar la'asar.

Yadda muka ƙare

Da na ga bayani ba zai raba gardamar gidanmu ba, sai na roƙi mai shago guntaye uku: baƙi mai tsakuwa, ja mai duhu da ruwan madara. Muka shimfiɗa su a kan yashi a gaban ginin da misalin sha biyu, muka tafi masallaci. Bayan azahar na ce, "Yaya, bisimilla, ɗora hannunka."

A kan ruwan madarar ya iya barin tafinsa, duk da ɗuminsa. A kan jan bai daɗe ba. Baƙin kuwa yana taɓawa ya janye yana yarfe hannu. Kafinta na gefe yana dariya, ya ce, "Malam, ai mu da muke hawa kai mun daɗe da sani, ba a tambayarmu ne."

Dogon kwano ruwan madara aka saya. Da yake bai kai mai tsakuwa tsada ba, rarar kuɗin ta isa takardar alminiyom da ƙofofin iska huɗu. Matar Yaya ta samu janta a ƙofar gida da ƙarafan taga. Wani abokinsa ya tsokane shi cewa gidan ya yi kama da asibitin sha-ka-tafi, kuma har yau idan muka wuce gida mai baƙin rufi sai na ga ya ɗan waiga.

Gidan bai zama firji ba. Da bazara ta zagayo an kunna fanka, ranar da babu wuta an yi fifita. Amma na je ranar wata Asabar da misalin ƙarfe uku na rana, lokacin da a tsohon gidan hayata ba mai iya zama a ɗaki, na yi sallama a ƙofar Hajiya sau biyu ba a amsa ba. Jikarta ce ta leƙo ta ce in yi a hankali, barci take.